Uwa za ka hau ko doki? Labarin Eclipse da asalinsa

Wata shekara, ana saura mako uku a yi Babbar Sallah, na raka kawuna kasuwar Mai'aduwa domin ya sayi dokin da zai hau a tawagar hakiminmu, tun da akawalinsa na da ya tsufa, ya daina jure doguwar tsayuwar da ake yi a filin Kangiwa kafin a kai gaisuwa Ƙofar Soro. Dillalin da muka samu ya kai mu gaban wani bikili mai faɗin ƙirji, ya buɗe masa baki ya nuna mana haƙora, ya ɗaga kofatansa ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da yatsa, sannan ya sa wani yaro ya haye shi ba sirdi, ya zabure shi har bakin kasuwa ya dawo. Kawu ya dafa gadon bayan dokin ya danna, ya tsaya yana sauraron numfashinsa, ya gyaɗa kai. Ni kuwa da ba a nemi bakina ba, sai na ce wa dillalin: “Malam, wace goɗiya ce ta haife shi, kuma wane doki ne ubansa?” Mutumin ya dube ni, ya dubi Kawu, ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce: “Alhaji, ɗan naka uwa zai hau ko doki?” Kawu ya ce: “Rabu da shi, ɗan boko ne.” Aka ci gaba da ciniki, aka sallama, muka ɗauko doki.

Ban ga laifin dillalin ba, domin a wurinmu abin da ido ya gani hannu ya taɓa shi ake biya wa kuɗi. Sai dai tambayar ba ta sake ni ba, kuma daga baya na gane cewa akwai mutanen da suka shafe fiye da shekara 200 suna amsa ta a rubuce a kan kowane duƙushi da aka haifa cikin irin da suke kira Thoroughbred, wato dawakin sukuwa na Ingila waɗanda a yau da su ake tsere tun daga Dubai har Amurka. Duk wanda ya bi wannan rubutu da baya, ko daga wane doki ya fara, da wuya bai tsinci kansa a gaban wani jan doki mai fari a goshi da farar ƙafar baya ta dama ba, wanda ake kira Eclipse.

An haife shi ranar 1 ga Afrilu, 1764, a bargar Cranbourne da ke dajin Windsor, ranar da aka yi husufin rana a Ingila, kuma sunan nasa husufi yake nufi a harshensu. Mai bargar shi ne Yarima William na Cumberland, ɗan Sarki George na Biyu. Domin mai karatu ya auna nisan zamanin, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana ɗan shekara tara a lokacin, kuma saura shekara 40 a fara jihadi. Masu ba da labarin dokin suna son jingina gudunsa da wannan husufi, amma mu mun san abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, cewa rana da wata ba sa yin husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, balle don haihuwar ɗan doki. Mai neman dalilin gudun Eclipse sai ya sauko ƙasa ya bi asalinsa, kuma a nan ne abin ya fi ba ni mamaki, domin tsanin da ya hau ya zo duniya kusan kowane mataki nasa doki ne da dillalin Mai'aduwa ba zai tsaya ya yi masa kallo biyu ba.

Kakan kakansa ta wajen uba shi ne Darley Arabian, ingarman Larabawa da wani ɗan kasuwa Bature mai suna Thomas Darley ya saya a Halab ta ƙasar Sham, ya aika da shi gidansu a Yorkshire a shekarar 1704. Wannan doki bai taɓa shiga tsere ba. Wata goɗiya mai suna Betty Leedes ta haifa masa 'ya'ya biyu maza, uwa ɗaya uba ɗaya. Na farkon, Flying Childers, shi ne dokin da ya fi kowane gudu a zamaninsa, ba a taɓa wuce shi ba. Ƙanen kuwa, Bartlett's Childers, da zarar an matsa masa da gudu sai jini ya ɓalle masa ta hanci, saboda haka ko sau ɗaya ba a kai shi fili ba, aka bar shi a barga yana barbara. Da za a jera su a kasuwa, kowa wan zai nuna, amma zuriyar maza ta wan ta ƙare tun da daɗewa, ta ƙanen mai haɓo ce ta cika duniya.

Bartlett's Childers ya haifi Squirt a 1732. Shi ya yi tsere ya kuma ci, amma daga baya ciwon kofato ya kama shi har ya gurgunce, mai shi ya ba da umarni a harbe shi. Ana ba da labari cewa yaron da ke kula da shi ne ya yi ta roƙo har aka janye umarnin. Bayan wannan ceto ne Squirt ya haifi Marske a 1750, wanda ya yi ɗan tashe a filin Newmarket sannan ya dusashe. Lokacin da Yarima William ya mutu a 1765 aka yi gwanjon dawakinsa, an sayar da Marske da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ga wani manomi, ya koma ƙauye yana hawan goɗiyoyin daji a kan rabin gini. Gini ɗaya shi ne fam ɗaya da sule ɗaya, ga waɗanda suka riski zamanin fam da sule. Sai da ɗansa ya fara cin tsere aka tuna da shi, aka nemo shi a kan gini 20, daga baya wani basarake, mai sarautar Abingdon, ya biya gini 1,000 ya mallake shi, ya sa kuɗin barbararsa gini 100. Mun saba jin kyan ɗa ya gaji ubansa, ga uban da ya ci gadon ɗansa tun yana raye. An taɓa yin ƙishin-ƙishin cewa wani jan doki mai suna Shakespeare ne ainihin uban Eclipse, amma littafin asali Marske ya rubuta, kuma ko da maganar ta tabbata, shi ma Shakespeare daga tsatson Darley Arabian ya fito.

Uwar fa, wadda aka yi mini dariya don na tambayi irinta? Sunanta Spilletta, an haife ta a 1749, sau ɗaya tak ta shiga tsere a rayuwarta, kuma ba ta ci ba. Amma ubanta Regulus ba a taɓa wuce shi a fili ba, kuma sau takwas yana zama ingarman da 'ya'yansa suka fi na kowa cin kuɗi a Ingila. Uban Regulus kuwa shi ne Godolphin Arabian, wanda ya biyo ta Tunis da Faransa kafin ya isa Ingila wajen 1730, ya mutu a 1753. Har yau ana gardama ko dokin Larabawa ne ko kuwa Barb, wato dokin Arewacin Afirka, irin da aka daɗe ana ketowa Sahara da shi ana kawo wa sarakunan Katsina da Kano da Barno. Ba zan ɓoye ba, ɓangaren masu cewa Barb ne na fi so ya yi gaskiya, don hakan zai sa Eclipse ya zama ɗan uwan dawakinmu ta wajen uwa, amma son rai ba hujja ba ne.

A gwanjon nan na 1765 wani mai fataucin tumaki da nama a kasuwar Smithfield ta Landan, William Wildman, ya sayi Eclipse yana ɗan shekara ɗaya a kan gini 75. Dokin ya taso da mugun hali, ga cizo ga harbi, har aka ba da shawarar a dandaƙe shi don ya yi laushi. Da Wildman ya bi wannan shawara, da babu abin da zan rubuta yau. Maimakon haka ya miƙa shi ga wani mai horar da dawaki da ya riƙa gajiyar da shi da doguwar tafiya, ya kuma yi haƙuri bai kai shi fili ba sai da ya cika shekara biyar. Ƙirarsa ma ba ta burge masana ba, domin ƙugunsa ya ɗan fi kafaɗarsa tsawo, kuma idan yana gudu yakan sunkuyar da kai har hancinsa ya kusa taɓa ƙasa, abin da ya sa mahayinsa John Oakley ya gane cewa ja masa linzami ɓata lokaci ne, sai dai ya zauna daram ya sakar masa.

Tseren wancan zamani ba irin na yanzu ba ne da ake gamawa cikin minti biyu. Ana gudun mil huɗu ne, wato kilomita shida da 'yan kai, a huta kamar rabin awa, a sake komawa, kuma dokin da ya zo na ɗaya sau biyu shi ne ya ci. Ana kafa wani turke yadi 240 kafin ƙarshen fili, duk dokin da bai iso wannan turke ba a lokacin da na gaba ya ƙetare layi, an fitar da shi ke nan, ba na biyu ba ne, ba na uku ba, ba a ma lissafa shi. Ranar 3 ga Mayu, 1769, aka kai Eclipse filin Epsom don wata gasa ta fam 50, ya ci zagayen farko cikin sauƙi. Kafin a koma na biyu sai wani mutumin Ayalan mai suna Dennis O'Kelly ya ce zai sa kuɗi a kan cewa zai faɗi yadda dawakin za su jeru tun daga na farko har na ƙarshe. Da aka amsa masa, sai ya ce: “Eclipse na ɗaya, sauran babu su.” Haka kuwa aka yi, ya ƙetare layi alhali babu ko ɗaya da ya iso turken, kuma wannan magana ta zama karin magana a Ingila har yau.

Shi O'Kelly ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Ya zo Landan ba shi da ko anini, ya yi aikin ɗaukar masu kuɗi a kujerar kafaɗa, ya yi zaman kurkuku saboda bashi, inda ya haɗu da Charlotte Hayes, wadda daga baya ta yi suna da riƙe gidajen karuwai, kuma da dukiyarta da ta caca ya tsaya da ƙafarsa. Ya sayi rabin Eclipse a kan gini 650 a 1769, ya cike sauran rabin da gini 1,100 a shekarar da ta biyo. Duk da haka ƙungiyar Jockey Club, wadda 'ya'yan sarauta suka kafa kuma take riƙe da ragamar sukuwa a ƙasar a wancan zamani, ba ta taɓa yarda ta karɓe shi ba har ya mutu a 1787. Dokin da ya fi kowane daraja ya kasance a turken mutumin da suke ganin ba ɗan asali ba ne. Ba ina yabon sana'arsa ba ne, caca haramun ce kuma ita ce ƙazantar da ta manne wa sukuwar Turawa tun daga tushe, alhali tsere da dawaki shi kansa abu ne da Manzon Allah ya shirya a Madina, daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i ga dawakin da aka horar. Amma mutumin ya san doki, wannan ba a ƙwace masa ba.

Cikin wata 17 Eclipse ya shiga gasa 18 ya cinye duka, 11 daga ciki kofunan Sarki ne waɗanda ake ɗora wa doki nauyin da ya kai kilo 76. A takwas daga cikin gasannin ko abokin karawa bai samu ba, sai dai ya taka filin shi kaɗai a miƙa wa mai shi kyauta, kuma daga gari zuwa gari da ƙafarsa yake tafiya, tun da babu motar ɗaukar doki. Wanda ya fi matsa masa shi ne Bucephalus a Newmarket cikin Afrilun 1770, shi ma ɗan Regulus ne, wato kawunsa ke nan. Zuwa ƙarshen wannan shekara babu mai son sa kuɗinsa a kan wani doki idan Eclipse yana fili, ciniki ya mutu, dole O'Kelly ya mayar da shi barga a Clay Hill kusa da Epsom, inda kuɗin barbararsa ya kai gini 50.

Ya haifi dawaki fiye da 300 da suka ci tsere, kuma zamani ya zo masa daidai, domin a shekarun ne aka fara sauya salon sukuwa daga dogon zango na manyan dawaki zuwa gajeren zango na 'yan shekara uku. An kafa gasar St Leger a 1776, Oaks a 1779, Derby a 1780, kuma 'ya'yan Eclipse masu saurin girma ne da zafin tashi, abin da sabon salon yake bukata ke nan. Uku daga cikin biyar na farko da suka ci Derby nasa ne: Young Eclipse a 1781, Saltram a 1783, da Serjeant a 1784. Amma ga wani abu da ba kasafai ake faɗa ba, ko sau ɗaya bai taɓa zama na ɗaya a jerin ingarmun Ingila ba. Sau 11 yana zuwa na biyu, da farko a bayan Herod, sannan a bayan ɗan Herod mai suna Highflyer. Shi Herod a bargar Yarima William ɗin nan aka haife shi shekara shida kafin Eclipse, kuma tsatson Byerley Turk ne, ingarma na uku, bayan Darley da Godolphin, cikin ukun da duk Thoroughbred yake komawa gare su ta wajen uba, wanda wani hafsan soja ya hau a yaƙin Boyne a 1690. Mutumin da ya rayu a 1790, da an tambaye shi gidan da zai gaji duniyar dawaki, gidan Herod zai ce.

Yadda aka yi lissafin ya juye yana da daɗin bi. Masu kiwo sun lura cewa idan aka kai 'ya'yan Herod da na Highflyer mata wurin 'ya'yan Eclipse maza, abin da ake samu ya fi iyayen duka biyu. Cikin 'ya'yan Eclipse akwai wanda mai sarautar Abingdon ya sa wa suna Potatoes, wato dankali, ya ce wa yaron barga ya rubuta sunan a jikin akwatin abincinsa. Ƙarshen kalmar a kunnen Bature yana kama da a ce “o takwas”, sai yaron ya rubuta Pot ya jera masa harafin o guda takwas, mai gidan ya yi dariya ya bar sunan haka, shi ya sa har yau ake rubuta shi Potoooooooo ko Pot-8-os. An kai masa Maria 'yar Herod, ta haifi Waxy wanda ya ci Derby a 1793. Aka kai wa Waxy wata goɗiya mai suna Penelope, wadda ubanta tsatson Godolphin ne, uwarta kuma 'yar Highflyer, ta haifi Whalebone wanda ya ci Derby a 1810. Jinin Herod bai ɓace ba, shigewa ya yi cikin ɗakin mata, sunan gida ya zama na Eclipse, kamar yadda a garinmu ake kiran yaro da gidan ubansa ko da kamanninsa da halinsa duk na dangin uwa ne.

Daga Whalebone tsanin ya bi ta Sir Hercules, Birdcatcher, The Baron, Stockwell, Doncaster, Bend Or, Bona Vista, Cyllene, Polymelus, Phalaris da Pharos, ya iso ga Nearco, wanda Federico Tesio ya kiwata a Italiya, aka haife shi a 1935, ya yi tsere 14 ba a wuce shi ba. Secretariat na Amurka, wanda a 1973 ya ci gasar Belmont da ratar tsawon doki 31, tattaɓa-kunnen Nearco ne. Jikan Nearco kuma shi ne Northern Dancer, ɗan Kanada da aka haifa a 1961, wanda tarihin kakanninsa ya maimaita kansa a kansa, domin an kai shi kasuwa yana ɗan shekara ɗaya a kan dala 25,000 babu wanda ya taya saboda gajartarsa, ya dawo gida, ya ci Kentucky Derby a 1964, kuma a shekarun 1980 kuɗin barbararsa sau ɗaya ya kai dala miliyan guda. Shi ya haifi Sadler's Wells, wanda ya haifi Galileo, wanda ya haifi Frankel, dokin marigayi Yarima Khalid bin Abdullah na Saudiyya da aka haifa a 2008, shi ma tsere 14 ya yi bai sha kaye ba.

Na zauna na ƙirga da yatsa, Frankel shi ne mataki na 20 daga Eclipse, cikin shekara 244. Tun da kowane ɗa rabin jininsa ne na uba, idan aka yi ta raba biyu har sau 20, abin da ya iso ga Frankel ta wannan tsani na maza zalla bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. Ashe jerin sunayen da ake alfahari da shi siririn zare ne, kuma idan Frankel yana da jinin Eclipse mai yawa, to, ta ƙofofin goɗiyoyi ya shigo masa, inda sunan ke maimaituwa ba adadi. Wani bincike da Farfesa Patrick Cunningham da abokan aikinsa suka fitar daga Dublin a 2001 ya nuna hakan da alƙaluma. Kashi 95 cikin 100 na Thoroughbred suna komawa ga Darley Arabian ta wajen uba, kuma kusan duka ta hanyar Eclipse, amma idan aka auna jinin gaba ɗaya ta kowace ƙofa, Darley yana da kashi 6.5 ne kawai, alhali Godolphin Arabian, wanda gidansa na maza ya kusa ƙarewa, yana da kashi 13.8. Mai suna daban, mai jini daban, kuma shi kansa Eclipse ta wurin Spilletta ya sha nasa rabon na Godolphin.

A 1788, ƙafafunsa sun lalace har ba ya iya doguwar tafiya, aka ɗauke shi a keken doki zuwa gidan Cannons a arewacin Landan, inda murɗar ciki ta kashe shi a ƙarshen Fabrairun 1789 yana da shekara 24. Wani likitan dabbobi Bafaranshe, Charles Vial de Sainbel, ya feɗe shi ya auna zuciyarsa ta kai kilo shida da 'yan kai, alhali ta yawancin dawakin irinsa ba ta wuce kilo huɗu da wani abu. Shekara biyu bayan haka wannan likita ya zama shugaban farko na kwalejin likitancin dabbobi ta Landan, wadda ƙasusuwan Eclipse suke hannunta har yanzu, kuma masana na zamaninmu da suka sake auna su sun tarar cewa ƙirarsa matsakaiciya ce, babu wata gaɓa da ta fita daban. Kofatan da ake cewa nasa ne a wurare dabam-dabam sun fi huɗu, abin da ke nuna cewa dillalan can ma ba baya ba ne. Ana gudanar da gasa da sunansa a filin Sandown tun 1886, kuma kyaututtukan shekara na sukuwar Amurka sunansa suke ɗauke da shi tun 1971.

Duk wannan bayani ya samu ne domin a 1791 wani mai suna James Weatherby ya fara tattara asalin dawakin a littafi guda, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da littafin har yau. Abin lura shi ne a ƙarƙashin sunan goɗiya ake jera 'ya'ya a cikinsa, shekara bayan shekara, tare da sunan ingarman da ya hau ta. Ba Turawa ne suka fara wannan tunani ba. Larabawan da aka sayo Darley a hannunsu ta wajen uwa suke ƙirga asalin doki, su ce wannan Kuhailan ne, wancan Saƙlawi, kuma Hishamu ɗan Kalbi ya rubuta littafi a kan nasabar dawaki kusan shekara dubu kafin Weatherby. Mu da muka karɓi sirdi da linzami da likkafa ta wannan hanya, har sunayensu ma na Larabci ne, wannan ɓangaren ne muka bari a baya. Dalilin a fili yake, a birni ingarma ake ɗaurewa, babu mai ji da kansa da zai hau goɗiya ranar sallah, su goɗiyoyin suna can ƙauye da rugage da ƙetaren iyaka, ɗan da suka haifa kuma sai ya bi hannu uku ko huɗu kafin ya iso turken mai shi. Muna da sunan kowane launi, akawal da kili da bidi da hurde da danda da gunya, muna da kirari da kwalliya, amma ko a labarin Bayajida an riƙe sunan tsohuwa Ayana da rijiyar Kusugu, dabbar da ya sha wahalar nema wa ruwa ce ba a ambaton sunanta.

Ba ina cewa mu kwafi komai ba ne. Rufe littafi a kan 'yan dawaki kaɗan ya ƙuntata jinin Thoroughbred, haɓon da ya hana Bartlett's Childers tsere har yau yana damun dawakin sukuwa, kuma dokinmu na Arewa da ke rayuwa a kan harawa da dusa da kanwa, ya wuni cikin ranar bazara da kayan ado a kansa, yana da abin da wancan ba shi da shi. Wannan jurewar ce ma ta fi cancantar a san daga wace uwa take fitowa, musamman yanzu da ake ta gauraya shi da na Sudan da talon ba tare da lissafi ba. Katsina ba baƙuwar wannan harka ba ce, tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ya dasa wasan folo a garin nan, da Sarki Usman Nagogo da ya yi suna a cikinsa, kuma dawakin Ajantina da ake bugawa da su a filin folo yawancin jininsu na Thoroughbred ne, wato jikokin jan dokin nan suna shan ruwa a bargoginmu.

Bikilin Kawu ya yi sallah tara a ƙarƙashinsa kafin ya mutu. A tsakanin nan wani mutum daga wani ƙauye na yamma da gari ya kawo goɗiyarsa sau biyu, ya biya da damin harawa, kuma a karo na biyu ta haifi mace. Bara ɗan Kawu, wanda bargar take hannunsa yanzu, ya bi sawu ya sayo wannan 'yar, ya ajiye ta a gona duk da tsiyar da abokansa suke yi masa. Ni kuma na sayi littafi mai bango mai kauri na ja masa layuka: suna, launi, shekarar haihuwa, uba, uwa, da hannun da aka sayo. A layin farko na rubuta bikilin, na bar gurbin uba da na uwa fili. A layi na biyu na rubuta 'yarsa, na cike duka biyun, ko da yake da na tambayi mai goɗiyar sunanta sai ya ce shi Goɗiya kawai yake ce mata, haka na rubuta, na ƙara da cewa hurde ce mai tabo a kunnen hagu. Tana da ciki yanzu, ana sa ran haihuwarta da faɗuwar damina.